Girman Tensa Mai Dogaro da Bayanai: Yadda Ake Sarrafa Shi Wajen Harhaɗa Samfuran Koyon Na'ura

1.0 Gabatarwa

Daga shekarar 2022 zuwa yau an samu manhajoji da dama masu aiki da harsunan Nijeriya. A wannan shekara ce kamfanin Meta ya fitar da samfurin fassara mai suna NLLB-200, wanda ya ƙunshi Hausa da Yarbanci da Igbo da Fulfulde da Kanuri. A cikinta ne kuma kamfanin OpenAI ya fitar da Whisper, mai sauraren magana ya mayar da ita rubutu, akwai kuma Hausa da Yarbanci a jerin harsunansa. A 2023 Meta ya ƙara fitar da MMS, wanda ke karanta rubutu a bayyane cikin harsuna fiye da 1,100, har da Hausa. Idan ana tattauna waɗannan manhajoji, an fi mayar da hankali ga ingancin abin da suke fitarwa, da yawan matanin da aka horar da su da shi. To amma akwai wani mataki tsakanin horarwa da amfani wanda ba a cika waiwayarsa ba, wato matakin harhaɗawa, inda ake juya samfuri zuwa umarnin da na'ura za ta bi cikin hanzari.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wata matsala guda da ke tasowa a wannan mataki, wato yadda ake yi idan girman abin da za a lissafa bai sanuwa sai an riga an shiga lissafin. Za a nuna cewa harshe, bisa ga ɗabi'arsa, yana yawan haddasa wannan matsala, kuma kowace hanyar da aka bi don magance ta tana da inda take ɗora nauyinta. Wani lokaci na'ura ce ke ɗaukar nauyin, wani lokaci kuwa jimlar ce da kanta.

2.0 Tensa, Siffa da Harhaɗawa

Tensa jeri ne na lambobi da aka tsara bisa fuska ɗaya ko fiye. Layin lambobi tensa ce mai fuska ɗaya. Jadawali mai layuka da ginshiƙai tensa ce mai fuska biyu. Jadawalai da aka jibga bisa juna tensa ce mai fuska uku. Adadin da ke kowace fuska shi ake kira siffar tensa. Alal misali, idan aka ba samfuri jimloli 4, kowace an gutsuttsura ta gida 20, kowane gutsure kuma an wakilce shi da lambobi 512, siffar tensar ita ce 4 × 20 × 512. Duk abin da samfurin koyon na'ura ke yi, ko fassara ce ko sauraro, ninkawa ne da tarawa da tacewa a kan irin waɗannan tensoshi.

Ana iya gudanar da wannan lissafi ɗaki-ɗaki, a aiwatar da kowane umarni da zarar an iso gare shi. Wannan yana da sauƙi ga mai rubuta manhaja, amma yana da nawa. Saboda haka aka ƙirƙiro manhajojin harhaɗawa, irin su XLA na kamfanin Google, wanda aka bayyana a 2017, da TVM na Jami'ar Washinton, da kuma wanda ya zo tare da PyTorch 2.0 a watan Maris na 2023. Aikin mai harhaɗawa shi ne ya dubi lissafin gaba ɗayansa a matsayin taswira tun kafin a fara, ya haɗe ƙananan ayyuka su zama ɗaya, ya keɓe wa kowace tensa gurbinta a ma'adanar na'ura, ya tsara yadda gurbin da aka gama da shi zai koma hannun wata, sa'annan ya zaɓi yadda za a rarraba aikin ga dubban ƙananan ma'aikatan da ke cikin na'urar GPU.

Kowanne daga cikin waɗannan ayyuka yana jingine ga sanin siffa. Ba a keɓe gurbi ga abin da ba a san girmansa ba, ba a kuma raba aiki ga ma'aikata ba tare da an san yawansa ba. Wannan ne ya sa masu harhaɗawa na farko suka gindaya sharaɗin cewa dole kowace siffa ta zama tabbatacciya tun a lokacin harhaɗawa. Sharaɗin bai yi wa masu aiki da hotuna wahalar cikawa ba, domin ana iya rage ko ƙara girman kowane hoto ya koma 224 × 224 ba tare da kyanwar da ke cikinsa ta daina zama kyanwa ba. Jimla kuwa ba ta miƙuwa ko tsukewa haka.

3.0 Rashin Sanin Girma Iri Biyu

Wajibi ne a rarrabe tsakanin abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa.

Na farko shi ne girman da ke sauyawa daga shigarwa zuwa shigarwa, amma ana ganinsa tun a bakin ƙofa. Tsawon jimla yana cikin wannan rukuni. Ba a san ko jimlar gobe za ta ƙunshi gutsure 9 ko 62 ba, amma da zarar ta iso, kafin a taɓa lissafin komai, an sani. Hanyar da PyTorch ya bi a nan ita ce ya sa alama a madadin lamba, kamar yadda ake yi a aljabara. Ya kira tsawon jimlar s0, ya bi taswirar yana lissafa sauran siffofi da wannan alama: wata tensar s0 × 512, wata s0 × s0, wata 2 × s0. Yana amfani da manhajar aljabara mai suna SymPy wajen warware waɗannan alaƙoƙi. Abin lura shi ne, a bayan s0 akwai lambar gaske, wato tsawon jimlar da aka yi gwajin farko da ita. Idan manhajar ta yi tambaya, misali ko s0 ya haura 16, sai mai harhaɗawa ya leƙa wannan lamba, ya bi reshen da ta nuna, ya kuma ajiye sharaɗi a bakin ƙofa cewa wannan harhaɗin yana aiki ne muddin s0 ya haura 16. Jimlar da ta saɓa wa sharaɗin sai a sake harhaɗawa dominta. Tun daga PyTorch 2.1, na watan Oktoban 2023, tsarin shi ne a fara ɗaukar siffa a matsayin tabbatacciya, sai an ga ta sauya a mayar da ita alama. Akwai kuma iyaka ga yawan sake harhaɗawa, wadda aka tsayar a 8 idan ba a sauya ta ba. Bayan nan sai a koma lissafi ɗaki-ɗaki.

Na biyu, wanda shi ne batun wannan maƙala, shi ne girman da ba ya bayyana a bakin ƙofa, domin sakamako ne na lissafin kansa. A duba waɗannan jimloli:

(1) Audu ya tafi kasuwa da safe.
(2) Audu da Binta sun tafi Kano.

Kowace tana da kalmomi 6. Idan aka ba su samfurin da ke gano sunayen mutane da wurare, aka kuma umarce shi ya tsamo kalmomin da ya yi wa shaidar suna su kaɗai ya zuba a sabuwar tensa, ta (1) za ta fito da layi 1, ta (2) da layi 3. Siffar shigarwa ɗaya ce, siffar fitarwa ta bambanta, kuma babu abin da zai nuna bambancin sai ƙunshiyar jimlar. Duk umarnin da ke tsamo abin da ba sifiri ba, ko ya kawar da maimaici, ko ya tace bisa sharaɗi, ko ya karɓi wata lamba daga cikin tensa ya mayar da ita girman wata, yana haifar da irin wannan girma. PyTorch yakan ba shi alama ta daban, u0, domin ya nuna cewa babu lambar da za a dogara da ita a bayansa. Ko da an ga 3 a gwajin farko, ba a iya kafa sharaɗi a bakin ƙofa a kan 3 ɗin, tunda mai tsaron ƙofa ba shi da hanyar duba shi kafin a shiga.

Bambancin yana kama da na mai dafa abincin ɗalibai da mai dafa abincin suna. Ta farko ana kawo mata adadin masu ci kowace safiya kafin ta ɗora tukunya, ko da adadin yau ya saɓa wa na jiya. Ta biyu ba ta sanin adadin sai an cika gida.

4.0 Inda Harshe Ke Haifar da Girma na Biyu

Misali mafi bayyana shi ne na manhajar da ke karanta rubutu a bayyane. A 2019 masu bincike na Jami'ar Zhejiang da kamfanin Microsoft suka fitar da FastSpeech, wanda ya yaɗa wani tsari da aka ci gaba da bi. Maimakon a riƙa samar da sauti kaɗan-kaɗan har a kai ƙarshe, sai a sa wani ɓangare na samfurin ya ƙiyasta tsawon lokacin da kowane sauti zai ɗauka, a maimaita wakilcin kowane sauti gwargwadon wannan ƙiyasi, sa'annan a samar da maganar gaba ɗaya a lokaci guda. Ana auna lokacin da ƙananan yankuna da ake kira firam. Idan firam ɗaya ya zama kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, to magana ta daƙiƙa 1 firam 100 ce.

Duk mai nazarin tsarin sautin Hausa zai ga inda gizo ke saƙa. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutun yau da kullum. A duba:

(3) Ya shiga gari.
(4) Ya auno gari.

Kalmar ƙarshe iri ɗaya ce a ido, haruffa 4. A (3) wasalin gaɓar farko gajere ne, a (4) dogo. A ce samfurin ya ƙiyasta wa sautukan kalmar firam 6 da 8 da 4 da 14 a jimla ta (3), jimilla 32. A ta (4) kuwa ya ba wasalin farko 16 a madadin 8, jimilla 40. Tensar da za ta ɗauki sautin tana da layi 32 a wuri ɗaya, 40 a ɗaya wurin, kuma abin da ya yanke hukuncin shi ne fahimtar da samfurin ya yi wa aikatau ɗin da ya gabaci kalmar. Ashe ke nan girman tensa a nan ya rataya ne ga ma'ana. Mai harhaɗawa da ke son sanin wannan girma tun da farko tamkar yana neman ya san yadda za a furta jimla ne kafin a karanta ta.

Al'amarin ya ƙara tsananta a samfurin VITS na 2021, wanda a kansa aka gina muryoyin MMS. Mai ƙiyasin lokaci na VITS yana ɗauke da wani ɓangare na dace da aka sa da gangan, domin kada karatun ya riƙa fita da kari iri ɗaya kullum. Sakamakon haka jimla ɗaya, idan aka karanta ta sau biyu, tana iya ba da adadin firam biyu mabambanta. A nan ko sanin jimlar bai isa ba.

A ɓangaren sauraro ma akwai makamancin haka. Hanyar CTC, wadda Alex Graves da abokan aikinsa suka gabatar a 2006, tana sa samfuri ya zaɓi harafi ɗaya ko alamar wofi a kowane firam, daga baya a dunƙule haruffan da suka maimaitu a jere, a zubar da alamomin wofi. Abin da ke raba baba da babba a wannan tsari shi ne ko alamar wofi ta gitta tsakanin baƙaƙen biyu. Idan ba ta gitta ba, dunƙulewa za ta haɗiye ɗaya. Tsawon rubutun da zai fito, saboda haka, ya dogara ga abin da samfurin ya ji. Haka kuma samfurin fassara yana ci gaba da fitar da gutsure bayan gutsure har sai ya fitar da alamar ƙarshen jimla, ba wanda ya san a kan na nawa zai tsaya.

Akwai na huɗu, wanda ya shafi manyan samfura masu tsarin rabon aiki ga ƙwararru. A irin wannan tsari samfurin yana da ɓangarori masu yawa, wani ƙaramin ɓangare kuma yana tura kowane gutsure ga wanda ya dace da shi. Adadin gutsuren da zai faɗa hannun kowane ƙwararre bai sanuwa sai an gama rabon.

5.0 Abin da Ke Lalacewa

Illa ta farko jira ce. A tsarin da aka saba, na'urar CPU tana jera umarni tana turawa, GPU tana aiwatarwa a baya, ba tare da ɗaya ta tsaya wa ɗaya ba. Idan girman tensa ta gaba yana cikin sakamakon da GPU ba ta gama ba, dole CPU ta dakata, ta jira adadin ya dawo, kafin ta keɓe gurbi ta ci gaba. Dabarar CUDA Graphs ta kamfanin Nvidia, wadda ke naɗar jerin umarni sau ɗaya ta riƙa maimaita shi, tana buƙatar girma da gurabe su zauna yadda aka naɗe su, don haka irin wannan jira ba ya shiga cikinta.

Illa ta biyu ta fi wuyar sha'ani. Mai harhaɗawa yakan yi tambayoyi game da siffa a kowane mataki, wasu daga manhajar da aka rubuta, wasu kuma daga cikinsa. Da s0 yana da lambar da zai leƙa. Da u0 ba shi da ita, don haka idan aka iso ga tambayar da aljabara kaɗai ba ta iya amsawa, sai ya tsaya ya ba da rahoton cewa ba zai iya kafa sharaɗi a kan abin da ya dogara ga bayanai ba. Abin mamaki shi ne tambayoyin da suka fi kawo cikas su ne mafi ƙanƙanta: shin u0 sifiri ne? Shin 1 ne? Dalili kuwa shi ne waɗannan lambobi biyu suna da hukunci na musamman. Fuska mai girman 1 ana iya shimfiɗa ta ta dace da kowane girma idan za a haɗa tensoshi biyu, ta haka ma'anar lissafin kan sauya. Tensa mai girman sifiri kuwa ba ta da matsakaici ko mafi girma. Waɗannan kuma ba abubuwan da ake ƙaddarawa ba ne kurum: jimlar da ba ta da suna ko ɗaya ita ce u0 na sifiri, mai suna guda ita ce u0 na 1, kuma a matani na gaske irinsu ba su da wuyar samu.

6.0 Hanyoyin Magancewa

6.1 Yanke taswira

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba taswirar biyu daidai inda girman ya ɓace. A harhaɗa ɓangaren farko, a gudanar da shi, a karanto adadin, sa'annan a miƙa shi ga ɓangare na biyu. Ga ɓangare na biyu wannan adadi ya zama abin da ake gani a bakin ƙofa, wato u0 ya koma s0. Wannan ne abin da PyTorch ke yi da kansa idan ba a hana shi ba, shi ne kuma abin da masu gina manhajar karatu kan yi da hannu, su raba mai ƙiyasin lokaci da mai samar da sauti. Kuɗin da ake biya shi ne jiran da aka ambata, da kuma asarar duk wani haɗe aiki da zai ƙetare wurin yankan. Yanka ɗaya a tsakiyar samfurin karatu ba shi da wata illa ta a zo a gani. Yanka a cikin kowane hawa na samfuri mai hawa 24 wani abu ne daban. Bugu da ƙari, idan ana son fitar da samfurin a matsayin taswira guda domin a ɗora shi a wayar hannu inda babu harshen Python, wannan hanya a rufe take sai an raba fayil ɗin.

6.2 Iyaka da ciko

Hanya ta biyu ita ce a ƙi yarda da rashin sanin gaba ɗaya. A tsayar da iyaka, a keɓe gurbi daidai da ita, a cike abin da ya rage da lambobin wofi, a kuma riƙe wata tensa ta shaida mai nuna gurbin gaske da na ciko. JAX, wanda Google ya fitar a 2018 bisa XLA, wannan hanya yake bi. Idan ana son tsamo abin da ba sifiri ba a cikin aikin da za a harhaɗa, dole mai rubutu ya faɗi girman sakamakon tun da farko. Idan abin da aka samu bai kai ba, a cike. Idan ya haura, a datse.

Ciko yana cin aiki. A ce an haɗa jimloli 4 masu gutsure 9 da 14 da 11 da 62. Dole duka su koma 62, gurbi 248 ke nan, alhali na gaske 96 ne. 152, wato kusan kashi 61 cikin ɗari, wofi ne. A samfuran Transformer, waɗanda Google ya gabatar a 2017, wani ɓangare na lissafin yana ƙaruwa ne da ninkin tsawo a kan kansa, don haka asarar ta wuce yadda ƙidayar gurabe ke nunawa. Whisper ya kai wannan tsari maƙura: kowace magana ana cike ta ko a yanka ta ta zama daƙiƙa 30, firam 3,000. Wanda ya ce sannu cikin daƙiƙa 1 ya ba da firam 100, sauran 2,900 shiru ne, kuma ana lissafa su. Ana rage asarar ta hanyar tanadin awo kaɗan, misali 32 da 64 da 128 da 256, a harhaɗa kowanne sau ɗaya, a riƙa jefa kowace jimla a mafi ƙanƙantar awon da zai ɗauke ta.

Datsewa ta fi ciko haɗari, domin ba ta yin ƙara. A samfurin Switch Transformer na 2021 an ba kowane ƙwararre iyakar gutsuren da zai karɓa: a raba yawan gutsure da yawan ƙwararru, a ninka da wani ɗan ƙari kamar 1.25. Gutsuren da ya iso bayan an cika sai ya wuce wannan hawa ba tare da ƙwararre ya taɓa shi ba. Ba a jefar da kalmar daga jimla ba, amma an hana ta wani kaso na lissafi, kuma mai amfani ba zai ga alamar haka ba. Wannan ne ya sa a 2022 aka fito da MegaBlocks, wanda ya sake tsara lissafin domin kada a tsallake gutsure ko ɗaya.

6.3 Alama da alkawari

Hanya ta uku ita ce a bar u0 ya bi taswirar a matsayin alama, mai rubuta manhaja kuma ya taimaka wa mai harhaɗawa da abin da ya sani. Yana iya rubuta cewa u0 ba zai gaza 1 ba, ko ba zai haura tsawon jimla ba, ko daidai yake da wata alamar. Mai harhaɗawa zai gaskata shi, ya yi amfani da maganar wajen amsa tambayoyinsa, ya kuma dasa bincike a cikin umarnin da ya fitar. Ranar da bayanai suka ƙaryata alkawarin, manhajar za ta tsaya ta faɗi dalili. Haka nan ana iya sake rubuta reshe mai dogaro da u0 ta yadda ɓangarorinsa biyu za su shiga taswira, a bar zaɓin sai lokacin aiki. Wannan hanya ta fi sauran cin lokacin mai rubutu, amma tana da fifiko guda: kuskurenta a fili yake. Ga mai aikin bincike a kan harshe, manhajar da ta tsaya ta yi ƙorafi ta fi wadda ta miƙo sakamako mai giɓi tana shiru.

7.0 Wa Ke Tsayar da Iyaka?

Hanya ta biyu da ta uku duka suna buƙatar lamba daga hannun mutum: iyakar gutsure, iyakar firam, mafi yawan sunaye a jimla. Ana samo waɗannan lambobi ta hanyar auna matani, kuma matanin da aka auna shi ke yanke wanda iyakar za ta yi wa daidai. BERT na 2018 yana karɓar gutsure 512. Ɓangaren Whisper mai fitar da rubutu yana da iyakar 448. Lambobin ba su san harshe ba, amma gutsuttsurawa ta sani. A 2023 Aleksandar Petrov da abokan aikinsa a Jami'ar Okisfod suka nuna cewa matani ɗaya, idan aka fassara shi zuwa harsuna daban-daban, yawan gutsurensa yana iya bambanta har ninki 15. A wannan shekara Orevaoghene Ahia da abokan aikinta suka nuna yadda wannan bambanci ke komawa bambancin kuɗin da masu harsuna ke biya. Iyakar da ta wadaci sakin layi na Ingilishi tana iya tsinke takwaransa na wani harshe a tsakiya.

Tsarin rubutu ma yana shiga lissafin, musamman a samfuran da ke karanta bayit kai tsaye, irin su ByT5 na 2021. A tsarin UTF-8 harafin Ingilishi bayit 1 ne, amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne 2 ne. Kasa bayit 4 ce, ƙasa 5. Ɓaɓɓake tana da haruffa 7 amma bayit 10. Galibin haruffan Ajami kowanne 2 ne, haka ma kowane wasalin da aka ɗora musu. Wasulan Igbo da Yarbanci masu ɗigo a ƙasa, kamar ị da ọ, kowanne 3 ne, idan kuma aka ɗora alamar karin sauti a kan ọ sai ta ƙara 2. Kalmar Yarbanci ọ̀rọ̀ bayit 11 ce, alhali idan aka tuɓe mata alamomi ta koma oro, 3 ce.

Wannan ya fi shafar matanin da masana harshe ke aiki da shi, domin shi ne mai cikakkun alamomi. Kalmar jimla ta (3), idan aka rubuta ta yadda ƙamus ke yi, gàrī, bayit 6 ce. Ta jimla ta (4), gā̀rī, 8 ce. A jarida kuwa kowace 4 ce. Iyakar da aka auna da matanin jarida za ta ɗauki jimlar jarida, ta datse wannan jimlar idan an sa mata tsawon wasali da karin sauti, alhali wannan rubutu mai alamomi shi ne zai hutar da mai ƙiyasin lokaci daga cankar ko wasalin gari dogo ne ko gajere. Haka abin yake ga iyakar firam: wadda aka auna da karatun labarai na rediyo ba lallai ta ɗauki wa'azi ko tatsuniya ba, inda mai magana kan ja wasalin ƙarshe yadda ya ga dama. Lambobin da ake buƙata a nan, wato mafi tsawon wasali a kowane irin zance, da yawan gaɓa a daƙiƙa, da tsawon jimla a rubutu mai alamomi da marar alamomi, ma'aunai ne na ilimin furuci da nazarin matani, kuma kowane harshe sai an auna masa nasa.